Baitin da Ya Nutse a Kogin Pecos

Kakan kakata, Lemuel Tarver, bai iya rubuta sunansa ba,
amma ya san shanu ba sa son shiru da dare.
Dubu biyu a kwance, hadari na gurnani can yamma,
ƙyastin ashana ɗaya ya isa ya tashe su
su tattake zango, su tattake mutum.
Sai ya riƙa zagaya su a kan doki, sannu sannu,
yana rera abin da ya zo bakinsa.
Kofato huɗu ne makaɗansa.

Baiti bakwai gare ta a lokacin.
Shida na ƙishirwa ne, da wake, da albashin da ba ya kai wata.
Na bakwai na Ysidro ne,
yaron da ke kora dawakin canji,
wanda Pecos ya haɗiye ranar ƙetarewa,
ya mayar da hularsa kaɗai bayan kwana uku,
a maƙale jikin saiwa.

Da furfura ta gama da kansa
wani malami ya zo daga gabas da akwati mai ƙaho,
ya ce, rera a nan, tsoho.
Allura ta karci kaki minti biyu, ta tsaya.
Kakin ya ƙare a baiti na biyar.
Aka ba shi taba kara ɗaya da godiya.
A littafi aka rubuta: ba a san mai ita ba.

Sai ga Royce Kimbrough da rigarsa mai walƙiya,
wanda bai taɓa kwana da warin saniya a hanci ba.
Ya ɗaura mata jita, ya sa ta sukuwa,
ya cusa budurwa inda babu budurwa.
Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.
Kakata takan kashe rediyo ta ce,
da wannan gudun ai garke ya watse tun baitin farko.

Verna Slocum ce ta kusa.
A wata mashaya a Bakersfield, bayan rijiyar mai ta ci mijinta,
ta ja wa waƙar linzami har ta dawo tafiya.
Ana jin tarin wani a bayan faifan, da ƙarar kofi.
Ba ta san Ysidro ba,
amma a ƙarshe takan yi shiru daidai tsawon baiti ɗaya,
kamar wadda ta taka kabari cikin duhu ta ji a ƙafarta.

Daga nan kuma sai wanda ya manta.
Samari masu gashi har kafaɗa sun jona ta da lantarki.
An rera ta da Jamusanci, da hular aro.
An yanke ta daƙiƙa talatin
don tallar motar ɗaukar kaya.
Na taɓa jin ta a asibiti, ba murya, ba kalma,
ina jiran a kira sunana.

Ni Orlena, abincin dabbobi nake sayarwa.
Karsana arba'in gare ni bayan gida, rabinsu na banki.
Daren jiya sama ta tsage, suka miƙe gaba ɗaya,
idanu fari fat, suna dannar shinge.
Na fita da rigar barci da takalmin mijina.
Doki babu, sai na taka da ƙafa,
na rera ta yadda kakata ke yi a bakin wanke-wanke.

Na bakwai ya zaizaye a hanya, saura layi biyu:
Ysidro, ruwa ya sauka,
zo ka ɗauki hularka.

Na maimaita har muryata ta dushe.
Ta farko ta durƙusa da gwiwar gaba,
ta yi dogon numfashi.
Sauran suka bi ta, ɗaya bayan ɗaya.
Babu wanda ya tafa.